Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Duk wanda ya bi hanyar Mpape, a bayan unguwar Maitama cikin birnin Abuja, zai iske wasu gine-gine a tsakanin duwatsu waɗanda ake kira Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa. Filin kyauta ce da marigayi Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa ya yi wa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a cikin 1985, lokacin yana Ministan Babban Birnin Tarayya, shi kansa kuwa marubucin waƙoƙi ne mai littattafai da dama. Ba a daɗe ba aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, aka harbe shi a watan Maris na 1986. Filin ya shafe shekaru masu yawa ba a gina shi ba, amma yanzu gini ya tashi, har ƙungiyar ta yi manyan tarukanta na shekara a wurin.

Watau dai Abuja ta zama gidan marubuta. Akwai kamfanonin wallafa littattafai a cikinta, akwai shagunan sayar da su, akwai kuma ƙungiyoyi irin su Abuja Literary Society da suka saba shirya zaman karatu. To, amma akwai kujera guda wadda har yanzu ba a sami mai zama a kanta sosai ba, ita ce kujerar editan ƙagaggen labarin Hausa, mutumin da aikinsa shi ne ya karɓi rubutun wani ya duba shi daga farko har ƙarshe, ya mayar masa ya ce a sake. Rashin wannan mutum ya fi rashin takarda da rashin kuɗin ɗab'i yi wa adabin Hausa illa, ko da yake ba a cika kuka da shi ba.

Abin mamaki shi ne, ƙagaggen labarin Hausa na boko da edita aka haife shi. A cikin 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira masu tsawon kimanin kalmomi 20,000. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da har gobe ake karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

Ba a kwashi rubutun nan an miƙa wa maɗaba'a yadda ya zo ba. Malam Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Da East ya karanta abin da ya aiko, sai ya lura cewa wasu daga cikin labaran an ɗauko su ne daga wasu littattafai. Ya rubuta masa wasiƙa ya gaya masa haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, aka cire waɗanda suka cancanci cirewa, sa'an nan aka buga littafin. Saurayin malamin bai yi fushi ya jefar da alƙalami ba. A cikin 1936 aka ba da aronsa daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana karantawa, yana rubutawa, suna zama suna dubawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda na farkonsa ya fito a 1937.

A nan akwai abin lura. Editan da ya hana shi aro a 1934 shi ne ya tara masa littattafan aro a 1936. Bambancin kuwa shi ne, a karo na biyu an sake ƙera kowane labari har ya zama ɗan gida, da sarkinsa da wazirinsa da fadawansa da karin maganarsa, ta yadda ɗan makaranta a Daura ko Gusau ba zai taɓa zaton labarin ya keto teku ba. Wannan sake ƙira ita ce aikin gyara. Ba a kuma ce East ba shi da nasa aibin ba. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, littattafan da yake nema na 'yan makaranta ne, abin da ya bari da abin da ya cire sun bi wannan manufa, kuma sunansa da ke jikin Jiki Magayi ya isa shaida cewa wani lokaci hannunsa yakan yi nisa cikin aikin wani. Duk da haka, littattafan da suka bi ta gabansa sun haura shekara tamanin ba su tsufa ba.

Al'adar ta ci gaba a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, da Kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Daga gasar da NNPC ya shirya aka buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, duk a 1980. A 1982 kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta fito da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya. Kowane ɗayansu ya bi ta hannun alƙalai da masu gyara kafin ya isa hannun mai karatu.

Daga nan tattalin arzikin ƙasa ya karye, darajar Naira ta faɗi daga 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta waɗanda ke da tabbacin ciniki. Samari da 'yan mata masu labari a zuciya ba su sami ƙofar bugawa ba, sai suka buɗe tasu. Suka riƙa kai rubutunsu ga masu tafireta, suna bugawa da kuɗin aljihunsu, suna rarraba labari ɗaya kashi biyu ko uku, suna sayarwa a kasuwannin Kano. Wannan shi ne adabin da aka laƙaba wa sunan Adabin Kasuwar Kano. Ba za a raina shi ba, domin kuwa shi ya shigar da karatun Hausa ɗakunan matan aure, shi ya fito da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. Littafin Hajiya Balaraba, Alhaki Kwikwiyo Ne, har an fassara shi zuwa Ingilishi an buga shi a Indiya a 2012. Waɗannan marubuta ba don lalaci suka rasa edita ba, babu shi ne a kasuwar. Amma sakamakon bai canja ba: littattafai masu yawa sun fita da ɗanyen rubutu, an karanta su an manta.

Yau kuma ga wayar hannu. Marubuciya takan rubuta shafi goma da dare ta watsa wa masu bibiyarta da safe, su biya kuɗi, su matsa mata lamba a kan ci gaba. Labarin da ake sakinsa yana kan ƙagawa ba shi da damar komawa baya. In ta kai babi na talatin ta gane cewa kuskure ta yi da ta kashe uwar tauraruwar a babi na biyar, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ga shi kuwa sau da yawa marubuci ba ya sanin ainihin labarin da yake rubutawa sai ya kai ƙarshensa.

Manyan marubutan duniya shaida ne a kan haka. Chinua Achebe, wanda ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1981, da farko wani dogon labari ya rubuta mai bin zuriya ɗaya daga kaka har jika. Da ya sake dubawa sai ya ga kayan sun yi wa jaki ɗaya yawa, ya yanke kashin farko ya gyara shi ya zama Things Fall Apart, wanda kamfanin Heinemann ya buga a Landan a 1958, kashin ƙarshe kuma ya zama No Longer at Ease a 1960. A Amurka, Harper Lee ta miƙa rubutunta ga kamfanin Lippincott a 1957. Editarta, Tay Hohoff, ta ga akwai marubuciya a wurin amma littafin bai nuna ba, suka shafe fiye da shekara biyu ana sakewa, har To Kill a Mockingbird ya fito a 1960. Da aka buga rubutun farkon a 2015 da sunan Go Set a Watchman, kowa ya ga tazarar da ke tsakanin tsaba da tuwo.

A nan gida ma an ga ranar gyara, an kuma ga illar rashinsa. A 2004, shekarar da kamfanin iskar gas na NLNG ya fara ba da kyautarsa ta adabi, alƙalai sun ƙi ba kowa kyautar ƙagaggen labari, kuma rashin gyaran littattafan yana cikin abin da aka yi kuka da shi. Bayan shekara biyu, a 2006, Bibi Bakare-Yusuf da abokin aikinta suka kafa kamfanin Cassava Republic a Abuja. A 2016, cikin littattafai uku da suka kai zagayen ƙarshe na wannan kyauta, biyu labaran ƙasar Hausa ne. Ɗaya shi ne Born on a Tuesday na Elnathan John, labarin wani almajiri mai suna Ɗantala, wanda Cassava Republic ya buga. Ɗayan kuwa shi ne Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos wanda ya yi aikin jarida a Abuja, labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu da wani saurayi shugaban 'yan daba a bayan garin Abuja. Kamfanin Parrésia ya buga shi a Nijeriya a 2015, Cassava Republic ya fitar da shi ƙasashen waje a 2016, shi ne kuma ya ci kyautar dalar Amurka 100,000. Dukansu biyu an fassara su zuwa Faransanci da Jamusanci. Mutanen da ke cikin waɗannan littattafai da Hausa suke magana, amma da Ingilishi aka rubuta su, kuma masu gyaran Ingilishi suka samu. Marubucin da ya rubuta irin wannan labari da Hausa, wa zai duba masa?

Kafin a sami amsar wannan tambaya, wajibi ne marubuci ya zama editan kansa na farko. Aikin kuwa mataki-mataki ne, kamar yadda hatsi ba ya zama tuwo sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an niƙa, an tankaɗe, kuma ba a tankaɗe kafin sussuka.

Matakin farko shi ne zubin farko, watau a rubuta labarin har ƙarshe ba tare da tsayawa goge kowace jimla ba. Marubuta da yawa sun maƙale a babi na ɗaya shekara da shekaru suna ƙawata shi, alhali kuwa idan labarin ya kammala mai yiwuwa wannan babin ne za a fara jefarwa. In an gama, sai a ajiye rubutun a manta da shi na wasu makonni. Wanda ya gama rubutu jiya ba ya karanta abin da ke kan takarda, abin da ke cikin kansa yake karantawa.

Mataki na biyu shi ne duban ginin labarin. Marubuci ya ɗauki takarda ya rubuta layi ɗaya a kan kowane babi: me ya faru, wa ya jawo shi, me ya canja. Babin da aka rasa abin da za a rubuta a gabansa, ko da ya fi kowanne daɗin Hausa, ba shi da aiki a littafin. A nan ne ake gane cewa labarin bai fara ba sai a shafi na arba'in, ko cewa ƙawayen tauraruwa guda uku aiki ɗaya suke yi, ɗaya ta isa. A nan ne kuma ake kama ƙarshen da aka ƙaƙaba, irin wanda haɗarin mota ko gadon wani attajiri ke saukowa daga sama ya warware abin da marubuci ya kasa warwarewa. Shafukan da aka ɓata wajen lissafa kujerun falo da sunayen motoci da kalar leshi, su ma a nan ake yi musu aski.

Mataki na uku shi ne bin diddigin mutane da lokaci. Ya kamata marubuci ya ajiye ɗan littafi dabam mai ɗauke da sunan kowane mutum da shekarunsa da danginsa da garinsu. Ba ƙaramin abin kunya ba ne yarinya ta zama Hadiza a farkon littafi ta koma Halima a tsakiya, ko a yi biki da damina a ce bayan wata biyu ana tsakiyar zafin bazara, ko mace ta ɗauki ciki da azumi ta haihu da Babbar Salla. Haka nan kuɗi da kayan zamani: labarin da aka ce ya faru a 1975 ba a buga wayar hannu a cikinsa, ba a kuma cewa an tafi Abuja ganin minista, tun da gwamnati ba ta bar Ikko ba sai ran 12 ga Disamba, 1991.

Mataki na huɗu shi ne harshe. Hanyar da ta fi ita ce a karanta rubutun da babbar murya, musamman hirar mutane. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Tsohuwa a ƙauye ba ta magana kamar mai karanta labarai a rediyo, ɗa kuma ba ya kiran sunan mahaifinsa gatsal. In an sa Basakkwace ya yi Sakkwatanci a babi na biyu, kada ya koma Kananci a babi na tara ba dalili. Jimlar da aka yi tunaninta da Ingilishi aka zuba ta da kalmomin Hausa, ita ma murya ce ke tona asirinta.

Mataki na ƙarshe shi ne ƙa'idojin rubutu, kuma shi ne wanda jama'a suka ɗauka shi kaɗai ne gyara. Ƙugiyar harafi ba ado ba ce: kura dabam ƙura dabam, baki dabam baƙi dabam, kafa dabam ƙafa dabam. Haka raba kalma da haɗe ta. Ana rubuta yana da motarsa da masa a haɗe, kuma a kan tebur ba ɗaya ba ne da akan yi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 ya kamata ya zauna kusa da hannun kowane marubuci. Bayan an tsara shafuka kuma, sai a sake karanta kwafin gwaji kafin a ba injin, domin kuskuren da aka bari a shafi ɗaya zai fito sau dubu idan an buga kwafi dubu.

Duk da wannan wahala, marubuci ba zai wadatu da idonsa ba. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Sai dai a zaɓi wanda za a ba. Uwa da miji da aminiya yabo za su yi, yabo kuwa ba ya gyara babi. Wanda ake bukata shi ne mai yawan karatu, wanda zai iya cewa ya gaji a shafi kaza, ko bai yarda wannan yarinya za ta aikata haka ba. Shi ma editan yana da iyaka. Aikinsa ya nuna inda ɗaki ke yoyo, mai ɗaki ne zai hau ya toshe. Editan da ya mayar da kowane marubuci mai irin muryarsa ya yi ɓarna, ko da Hausarsa ta fi tasu kyau. Littafin na marubuci ne, shi ke da magana ta ƙarshe, amma ya saurara tukuna.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kalmar tacewa ta sami wata ma'ana a kunnen marubuta, har wasu na ganin littafin da hukuma ta sa wa hannu ya gama tatuwa. Ayyukan biyu ba su haɗu ba. Hukuma tana duba ko littafi ya saɓa wa doka da tarbiyya. Edita yana duba ko labarin ya tsaya da ƙafafunsa. Littafi zai iya fita fes daga hannun hukuma alhali babinsa na tsakiya ya rushe.

To, ina mafita? Mutanen da za su iya aikin suna nan. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna yaye ɗalibai kowace shekara, gidajen jaridu da na rediyo a Abuja cike suke da waɗanda sana'arsu ke nan gyaran Hausar wasu. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa mata masu alƙalami suna da yawa, kuma suna iya matse labari cikin 'yan kalmomi idan an gindaya musu sharaɗi. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da waɗancan. Ƙungiyar Marubuta tana da ɗakuna a Mpape. Da za ta ware wasu makonni a shekara ta gayyaci marubutan Hausa 'yan kaɗan da suka kammala zubin farko, ta zaunar da kowannensu da edita, da ta maimaita abin da aka yi a Zariya a 1936, wannan karon ba tare da Bature a tsakani ba. Attajirai da gwamnoni masu sayen kwafi ɗaya da miliyoyi a ranar ƙaddamar da littafi, da za su ba da wani kaso na kuɗin tun kafin a buga domin a biya mai gyara, da sun fi taimakon adabi. Su kuma marubuta su sani gyara sana'a ce, a sa ladan edita cikin lissafi kamar yadda ake sa na mai zanen bango.

Malam Abubakar Imam ya rasu a 1981, amma akun Magana Jari Ce yana nan yana ba jikokin masu karatunsa na farko labari. Saurayin da aka mayar wa rubutunsa a 1934 aka ce ya gyara, da ya ɗauki abin a matsayin raini, da wata shidan Zariya ba su zo ba. Marubucin da aka ce masa ya gyara kayansa, ba a ce ya sauke a raba ba. Allah ya sa a gane, ya kuma ƙara wa alƙalamin marubuta albarka.